Gemu Don Sadaka: Wa Zai Yi wa Dattijo Tambayar?

Hoton ya iso ta WhatsApp ne bayan an gama kai hatsi rumbu, sanyi ya fara saukowa daga kan duwatsu. Ɗan yayata ne da ke karatu a Beljiyam. Ya aske haɓa da kumatu tas kamar bayan ƙwarya, ya bar gashin baki ya yi kauri a ƙarƙashin hanci. Muna zaune a zauren Kawu, a wani ƙauye na ƙasar Buza, waya ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Wani ya ce yaro ya shiga jandarma. Wani ya ce a'a, irin na direbobin tirela ne. Kawu, wanda ban taɓa sanin gemunsa da baƙi ba, ya riƙe wayar nesa da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kira masa shi.

"Kai abokina, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?"

"Ni na yi wa kaina, Kaka. Sadaka ce."

"Sadaka? Mu dai mun san ta hatsi, mun san ta masa ranar Juma'a. Ta gashin baki wa ake miƙa wa, almajirai?"

Zaure ya kwashe da dariya. Yaron ya bari aka natsa, ya ce kuɗi ake tarawa saboda ciwon da ke kama dattawa a hanyar fitsari. Sannan, cikin muryar wasan jika da kaka, ya jefo tambaya: "Kai ma tsoho, sau nawa kake fita da buta cikin dare?" Kawu ya ce masa ja'iri, ya miƙa mini wayar. Na lura bai amsa ba.

Al'adar da yaron ya shiga ba ta wani tsufa ba. A 2003 wasu abokai biyu a birnin Melbon na Ostireliya, Travis Garone da Luke Slattery, suka ce bari su gwada dawo da yayin gashin baki da ya shuɗe. Mutum talatin suka yarda suka bar nasu tsawon watan Nuwamba, kuma a shekarar farko abin bai wuce wasa ba. Shekara ta biyu aka haɗa wasan da ciwon dajin furostat, mutum wajen 450 suka shiga, aka tara dalar Ostireliya 54,000 aka miƙa wa gidauniyar da ke yaƙi da ciwon a ƙasar. Shi ne Movember. Ƙa'idarsu ita ce ranar 1 ga wata a wayi gari fuska a aske, a bar gashin baki kaɗai har ƙarshen wata, dangi da abokan aiki suna zuba kuɗi da sunan mai gashin. Daga baya suka ƙara da dajin maraina, da damuwar da ke kai maza ga kashe kansu. A Amurka kuma 'ya'yan wani mutumin Shikago, Matthew Hill, wanda dajin hanji ya kashe a 2007, suka ɗauki wata al'ada da dā ake yi don raha suka mai da ita hanyar tara kuɗi a 2009. Tasu ita ce No-Shave November: kada aska ta taɓa ka wata guda, abin da ka saba kashewa wajen aski ka bayar. A Ingila akwai Decembeard, gemun Disamba, don dajin hanji. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci akan kira watan da sunan Nuwamba shuɗi, ƙanen Oktoban nan mai ruwan hoda da ake yi saboda dajin nono.

Duk shekara idan watan ya kama, jaridu sukan cika da jerin amfanin gemu ga lafiya don a zuga masu shiga. Na bi da'awoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma tsabar da ta rage a ƙwarya bayan an sheƙe ƙaiƙayi ba ta kai yadda ake kururutawa ba.

Mafi nauyinta, wadda kuma ta fi shafar mu, ita ce hutun da fata ke samu daga aska. Gashin baƙar fata murɗaɗɗe ne. Idan reza ta share shi daidai da fata ko ƙasa da ita, bakinsa yakan yi tsini kamar allura, yana tsirowa ya lanƙwaso ya soki fatar da ya fito daga ciki. Jiki ba ya gane nasa ne, ɗaukarsa yake yi kamar ƙaya ta shige shi, sai wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya tara mugunya. Waɗannan su ne ƙurajen aski da muke gani a wuyan sojoji da jandarmomi da 'yan duwan da duk wanda aiki ya tilasta wa aske fuska kowace safiya. Idan aka ci gaba da bi ta kansu da reza sukan bar baƙin tabo, a wasu mutane ma tabon ya tashi ya yi tauri ya zauna har abada. Wasu ƙididdigar likitocin fata sun kai abin ga fiye da rabin baƙaƙen maza masu askin kullum, kuma rundunar sojan Amurka ta shafe shekaru tana kai-komo kan takardun sassauci da likitoci ke ba sojojinta baƙaƙe. Maganin da aka fi tabbatarwa ba a kanti yake ba: a ajiye reza kamar mako huɗu, gashin ya yi tsawon da zai zare bakinsa daga cikin fata da kansa, daga nan a koma rage shi da almakashi ko injin aski, a riƙa barin ɗan tsiro. Ke nan wata gudan da masu sadakar ke ɗiba ya zo daidai da abin da fata ke bukata. Wannan kam gaskiya ne, ba talla ba.

Ta biyu ma a wajen aska take, kuma wanda ya taɓa zama gaban wanzami ranar kasuwa a Tamaske ko Bangi ya san abin da nake nufi. Tabarma a gindin bedi, zabira a buɗe, ƙoƙon ruwa da ɗan guntun sabulu. Wanzami ya goga aska a fata sau biyu sau uku, ya dafa kanka ya karkatar, ya share, ya shafe gashin a bayan hannunsa na hagu. Ka tashi, na bayanka ya matso. Inda aka yi sa'a an wanke askar da ruwan ƙoƙon nan. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kwana bakwai ko fiye a busasshen jinin da ido ba ya gani, kuma ta fi ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba. Nijar na cikin ƙasashen da cutar ta yi yawa, dajin hanta kuma yana sahun gaba a cikin dajin da ke kashe maza a Sahel. Wanda ya rage zuwa gaban aska ya rage ƙofar shigarta, babu musu. Amma fa a faɗi gaskiya duka: baligi idan ya kamu, yawanci jikinsa kan kore ta, ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zaunawa a jikinsu. Jariri kuwa, kusan tara cikin goma takan zauna musu har girma. Saboda haka askar da ta fi ban tsoro ita ce ta ranar suna da ta cire beli da ta tsaga da ta kaciya, ba ta gyaran fuskar magidanci ba. Yanzu alhamdu lillahi mutane da yawa sukan sayi sabuwar reza su tafi da ita, a karya ta biyu a gabansu. Wannan ɗan canji, da allurar rigakafin da ake yi wa jarirai, sun fi barin gemu na wata guda amfani ga hanta sau ba adadi.

Sauran da'awoyin sun fi sauƙi a ma'auni. An ce gemu na kare fata daga rana. Masu bincike a wata jami'a ta jihar Kwinslan a Ostireliya sun gwada a 2012, da kawunan gumaka da suka manna wa gemu suka shanya a rana, suka ga yana rage hasken nan mai ƙona fata, wani lokaci kaɗan, wani lokaci sosai, gwargwadon tsawon gashin da inda rana ta tsaya. To, amma damuwar mutanen Ostireliya ce, masu farar fata da dajin fata ya addaba. Manomin Garhanga yana da baƙar fatarsa, yana da malfa. Waɗanda rana ke yi wa illa ta gaske a cikinmu zabiya ne, su kuwa malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya suke bukata, haɓa ba ita ce kaɗai rana ke duka ba.

An kuma ce gemu da gashin baki na tace ƙura kafin ta shiga hanci. Da wannan ya tabbata, da mu muka fi kowa cin riba, mu da hunturu ke rufe wa rana da buji. Masu wannan magana suna hango wani abu kamar shingen bedin kwarin Majiya, wanda aka fara dasawa a ƙasar Buza a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE, layi biyu-biyu, tazarar mita ɗari tsakanin shinge da shinge. Bambancin shi ne na Majiya an auna shi, an ga iska ta karye, an ga hatsi ya ƙaru a bayan shingen da abin da ya kusa kashi ɗaya cikin biyar. Ƙurar da ke isa can cikin huhu kuwa ta fi silin gashi ƙanƙanta kamar sau talatin, wucewa take yi ta tsakanin gashin baki kamar sauro ta tsakanin darni. Abin da gashin ya tare ma, a nan ƙarƙashin hanci yake zaune sai an wanke. Buzayen Kaita da Ibohaman da suke ja wa baki da hanci amawali sun riga masu wannan da'awa gano dabara.

Maganar ƙwayoyin cuta ta rabu biyu, kowa ya ɗauki wadda ta yi masa. A 2014 an gwada ma'aikatan asibiti maza 408 a birnin Bostan, aka samu masu gemu ba su fi masu askakkiyar fuska ɗaukar ƙwayoyi ba, wasu nau'o'in ma sun fi yawa a kan askakku, watakila saboda 'yan ƙananan yankan da reza ke bari. Bayan 'yan shekaru wasu likitoci a Suwizalan suka gwada gemun maza 18 da gashin karnuka 30, suka ce gemun ya fi tara ƙwayoyi. Na san wannan kwatanci zai ɓata wa mai karatu rai, ni ma ya ɓata mini, amma mutum sha takwas ba su isa a yanke wa duniya hukunci ba, kuma ba a gaya mana sau nawa suke wanke fuska ba. Gemun da ruwan alwala ke ratsawa sau biyar a yini, ana tsefe shi da yatsu, daban yake da wanda miyar kuka ta kwana a ciki. Inda gemu ke da illa tabbatacciya shi ne wajen takunkumi. Irin N95 da ma'aikatan lafiya ke sawa a ɗakin masu tarin fuka sai ya manne da fata yake aiki, gashi kuwa yana ɗaga shi iska ta shiga ta gefe. Haka ma na masu feshin maganin ƙwari a garaken albasa na kwarin Tarka, ga 'yan kaɗan ɗin da suke sawa.

Akwai ma waɗanda suka gwada a jami'ar Yuta ta Amurka a 2020, da fatar tunkiya mai gashi da marar gashi, suka ce gemu na rage zafin naushi a muƙamuƙi, har aka ba su kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2021. Wannan na bar wa 'yan dambe.

Idan aka tattara, amfanin gashin kansa ɗan kaɗan ne, kuma su masu Movember ba su taɓa cewa gashin baki na maganin daji ba. Aikinsa a wurinsu shi ne ya ja ido. Ma'aikacin banki a Melbon da kowa ya saba gani fes, ya shigo ofis da gashin baki irin na kakansa, dole a tambaye shi lafiya. Da an tambaya, ƙofa ta buɗe, sai ya yi maganar da namiji ba ya iya farawa da kansa. Gashin izini ne na yin zancen da ake jin nauyinsa.

A nan ne aski ya zo gaban goshi, domin wannan dabara ba ta tafiya a Adar da Gobir Tudu yadda take. Wa zai tsayar da mutum a kasuwar Madawa ya tambaye shi don me ya bar gemu? Rabin kasuwar masu gemu ne. Idan ma gemu ya ja tambaya a wurinmu, wata tambaya ce daban. Tun da Izala ta kafu a Jos a 1978 ta ƙetaro iyaka, tsawon gemu da tsawon wando sun zama abin da ake karanta aƙidar mutum da shi. A 'yan shekarun nan kuma, da 'yan bindiga a yankunan iyakar Mali suka riƙa tilasta wa maza barin gemu suna kore dabbobi da sunan zakka, saurayi mai ƙasumba yakan daɗe a shingen bincike fiye da ɗan'uwansa. Fuskar namiji a ƙasar nan ta riga ta cika da rubutu, babu sauran fili ga sabon saƙo.

Ga kuma addini. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar umarni ne a rage gashin baki a bar gemu, wato daidai kishiyar ƙa'idar Movember. Duk wanda ya yi karatun zaure ya kai ga Risala ta Ibn Abi Zaid ya san abin da mazhabarmu ta tafi a kai: a datse gashin baki daga gefen leɓe, ba a tumɓuke shi ba, a bar gemu ya cika, Imam Malik kuma bai ga laifin rage tsawonsa ba idan ya wuce kima. Hadisin Anas ya sa iyaka, kada a wuce dare arba'in ba a rage gashin baki da farce ba, saboda haka kwana talatin ɗin bai ƙetare wannan iyaka ba. Matsalar tana ranar farko, ranar da za a ce dattijo ya sa aska a gemun da ya raina shekara arba'in. Ba mai yi, kuma ban ga dalilin da za a nema ya yi ba. Salon Amurkawa na ƙin aski gaba ɗaya ya fi sauƙin haɗiya, sai dai shi kuma ba wanda zai lura.

Da na ce a bar musu abinsu, in ba don abin da ya faru da Kawu ba.

Wata biyu bayan hoton nan, cikin tsakiyar ɗari, fitsari ya riƙe masa. Tun magariba yake zarya da buta, ba ko ɗigo. Kafin tsakar dare mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar tulu, dattijon da ban taɓa jin ya ce wash ba yana durƙushe yana cizon gefen bargo. Aka ɗaura wa jaki amalanke aka kai shi bakin hanya, aka tashi mai mota daga barci. A asibiti majo ya zura masa roba, abin da ya fito ya haura lita guda, Kawu ya yi ajiyar zuciya ya yi barci a wurin. Sai da gari ya waye matarsa ta gaya mana ya fi shekara biyu yana tashi sau biyar sau shida kowane dare, fitsarin yana fita a tsittsinke, ya gama ya ji kamar bai gama ba. Ya ce basir ne ya taso. Ya sha jiƙo iri-iri, ya sayi ƙulli wajen masu lasifika a kasuwa. 'Ya'yansa maza uku, biyu a Abijan ɗaya a gida, babu wanda ya sani.

Furostat wani ɗan ƙulli ne kamar ƙaramin goro, a ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta bi ta tsakiyarsa. Idan shekaru suka ja yakan ƙara girma ya matse hanyar, kuma kusan rabin mazan da suka kai sittin suna da wannan kumburi ko sun ji ko ba su ji ba. Shi ba daji ba ne, na Kawu ma shi ne, amma idan aka bar shi yakan tare fitsari har ya koma ya lalata ƙoda. Dajin furostat kuwa yakan fara ne shiru, babu alama, sai ya yi nisa ya sauka a ƙashin baya da ƙugu, a ce sanyi ne ko tsufa. Baƙar fata sun fi kamuwa: a Ingila an ƙiyasta ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen maza zai same shi a rayuwarsa, alhali a sauran jama'a ɗaya ne cikin takwas. Mu kuma muna da ƙarin namu. Tsargiya, wadda yaro ke ɗauka a tafki ko bayan madatsar ruwa har a ɗauki jinin fitsarinsa kamar alamar balaga, idan ta daɗe ba magani tana iya kaiwa ga dajin mafitsara. Jini a bayan gida duk basir ne a bakinmu, har da wanda dajin hanji ya kawo. Muna da kalmomi uku ko huɗu, basir da sanyi da zahi da daji, da muke lulluɓe cututtuka ashirin da su.

Tsarin kiwon lafiya ma ya bar namiji a baya, ba da mugun nufi ba. Tun wajen 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tiyatar haihuwa, daga baya aka ƙara da dajin mata. Ƙungiyar likitocin MSF ta shafe shekaru a Madawa tana fama da tamowa da zazzaɓin cizon sauro a yara. Duk daidai ne, can ne mutuwa ta fi ɗiba. Sakamakon dai shi ne mace ta san ƙofar asibiti tun cikin fari, namiji kuwa sai an ɗauko shi ranga-ranga. Idan abin ya zama daji, wurin gashi da na'ura yana Yamai, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ta fara wannan aiki a 2021, kusan kilomita 500 daga Madawa. Kafin can akwai babban asibitin Tawa, akwai na mishan da ke Galmi tun 1950, akwai Maraɗi, kowanne da kuɗin mota da na masauki da na mai jinya. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu son a kwaso gangamin awon jinin PSA, mai neman alamar dajin furostat, a zube a ƙauye. Awon yakan hau saboda kumburin da ba daji ba, ko a Turai likitoci na gardama a kansa, kuma gaya wa talaka yana da abin da ba za a iya yi masa komai a kai ba, ɗora masa wani ciwon ne. Abin da ya fi gaggawa shi ne kowane ƙaramin asibitin karkara ya kasance da robar fitsari da wanda ya iya sa ta, a san inda za a tura mutum, a kuma samu kuɗin tura shi.

Kuɗin nan fa? Mu yi lissafin Amurkawa da farashinmu. Gyaran fuska dala ashirin ne zuwa arba'in. Wanda ke yi kowane mako a kan dala ashirin, wato sefa 100, ya ƙaurace wata guda, ya tara sefa 400. Ƙauye mai magidanta 200 ya haɗa jaka tamanin. Ba a raina ba, zai kai mutum biyu ko uku asibiti. Amma daga bakin wa aka cire? A Shikago kamfanin reza ne ya yi asara, bai ma ji ba. A Karofan wanzami ne, maƙwabcinka, wanda ya yi maka kaciya, wanda a wasu garuruwa har yau damin hatsi ake ba shi da kaka. Sadakar da za ta hana shi cefanen wata guda tana bukatar a sake duba ta. Ga shi kuma Nuwamba shi ne lokacin da motoci ke kwashe samari da magidanta zuwa bida, Abijan da Legas da Kamaru da Libiya. Ba yau aka fara ba: lokacin da aikin raya karkara na Kaita ya kankama a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun da aka farfaɗo da ƙasa da su, saboda maza ba sa gida. Kuɗin maza a wannan yanki yana can inda suke, kuma ƙungiyoyin 'yan gari a can sun saba haɗa na masallaci da na aji da na kai gawa gida. Aikin tiyatar da aka yi wa Kawu daga baya ma da kuɗin Abijan da raguna biyu aka yi shi. Asusun da ake kai gawa da shi zai iya buɗe aljihu na biyu don kai mai rai asibiti.

Haɗa gashi da sadaka kuwa, da Kawu ya yi wa dariya, ya manta ne cewa tsohon abu ne a wurinmu. Ranar suna ana aske kan jariri, sunna kuma ita ce a yi sadaka da nauyin gashin na azurfa, kamar yadda Muwaɗɗa ta kawo cewa Nana Faɗima ta yi wa 'ya'yanta. Sahabi Ka'abu ɗan Ujra, da ƙwarƙwata ta dame shi yana cikin harami, an ba shi izinin aski ya yi fansa da azumin kwana uku ko ciyar da miskinai shida ko yanka. Wanda ya yi niyyar layya an so ya bar gashinsa da farcensa tun shigar Zulhajji har ya yanka, kwana goma cur ba aski. Ba ina cewa a ɗauki ibada a liƙa mata gangami ba, malamai za su tsayar da ni kuma da gaskiyarsu, balle sadakar da ake ɗauka a fuska tana yawo tana dab da riya. Ina nuna dai cewa tunanin ba baƙo ba ne, kuma wanda ke tsakiyar dukkan waɗannan lokuta mutum ɗaya ne, mai zabira.

A Los Anjalas an gwada wani abu da ya fi kama da mu fiye da gashin bakin Melbon. Likita Ronald Victor da abokan aikinsa suka shiga shagunan aski 52 na baƙaƙen fata, suka ɗauki maza fiye da 300 masu hawan jini. A rabin shagunan mai aski yana haɗa mutum da masanin magani a nan cikin shagon, a sauran kuma nasiha kawai yake yi masa ya je asibiti. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cikin wata shida awon jinin rukunin farko ya sauka da maki 27, na biyu da 9. Ba a hana kowa aski ba, askin ne ma ya kawo su. Wanzaminmu ya fi na can matsayi. Ya ga tsiraicin kowa tun yana yaro, shi ke yin ƙaho, ana gaya masa abin da ba a gaya wa liman. Idan Sarkin Aska na gari da mutanensa suka san alamomi huɗu ko biyar da ba na ƙaho ba ne, suka san majon da za su tura wa, sun fi kowane allon talla.

Sannan akwai abin da yaron Beljiyam ya yi amfani da shi ba tare da ya lura ba. Ɗa ba ya iya tambayar ubansa yadda fitsarinsa ke fita, kunya ba za ta bari ba, ƙane ma haka. Jika yana iyawa. Taubashi yana iyawa, Bagobiri ya tare Bazabarme a bainar jama'a ya faɗa masa abin da wani ba ya isa ya faɗa, a yi dariya a wuce, maganar kuma ta shiga. Wasan nan da UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014 yana yin aikin da gashin baki ke yi wa Bature, kuma ba ya jiran Nuwamba. Da ɗaya daga cikinmu da ke zauren ya bi bayan tambayar ranar nan, da watakila ba a kai ga amalanke ba. Ni na ji shirun Kawu, na kuma yi shiru, domin ni ɗan ƙanwarsa ne ba jikansa ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, ni ma yanzu shekaruna sun wuce hamsin, na je an duba ni.

Yaron ya aske gashin bakinsa ranar 1 ga Disamba, ya ce abin da ya tara bai taka kara ya karya ba. Kawu ya warke. Da na koma bayan sallar layya na tarar da shi a gindin bedi, wanzami na rage masa gashin baki da almakashi, sabuwar reza a cikin takardarta a kan gwiwarsa. Tsaransa biyu na zaune a tabarma suna jiran layi. Bai juya kai ba, saboda almakashi na bakin leɓensa, ya ce da na kusa da shi:

"Malam, jiya sau nawa ka fita da buta?"

"Kai kuma tun da aka yanka ka ka zama likita?"

"Na ji ƙarar ƙyaurenka sau huɗu."

"Uku ne. Na huɗun akuya ce."

Wanzami ya dakata da almakashi, ya dubi mutumin ta saman kan Kawu, ya ce idan an gama masa ya ɗan tsaya, akwai magana.